Tambaya da Amsa: Abubuwan da Suka Faru a Shekarar 1492

A wannan fitowa mun ware filin gaba ɗaya ga wasiƙun da suka taru a kan shekara guda, wato 1492 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 897 zuwa farkon 898 Hijiriyya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Littattafan da muke koyarwa da su sukan sanya 1492 a matsayin iyaka tsakanin tsohon zamani da sabo. Me ya sa aka zaɓi wannan shekara, kuma me ya faru a cikinta ban da tafiyar Kolumbus? (Daga wani malami a Zariya.)

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri a kan hidimar da kake yi wa yara. Marubutan Turai sun ɗauki wannan shekara da girma ne saboda manyan al'amura uku sun auku a cikinta, a ƙasa guda, a hannun sarakuna guda, wato Sarki Fadinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastil, waɗanda aurensu a 1469 ya haɗa masarautun da suka zama Sifaniya daga baya. Ranar 2 ga Janairu suka karɓi birnin Garnaɗa, wanda shi ne ya rage wa Musulmi a ƙasar Andalus. Ranar 31 ga Maris suka sa hannu a dokar korar Yahudawa. Ranar 12 ga Oktoba kuma jiragen ruwan da suka ba Kolumbus suka isa wani tsibiri a cikin tsibiran Bahamas.

Akwai wasu abubuwan ban da waɗannan. A watan Afrilu Lorenzo na gidan Medici, wanda ya riƙe birnin Fulorans na Italiya, ya mutu. A watan Agusta aka zaɓi Rodrigo Borgia, ɗan asalin Sifaniya, ya zama Fafaroma Alekzanda na Shida, kuma shi ne a shekarar da ta biyo baya ya fitar da takardar da ta ba Sifaniya ƙasashen da Kolumbus ya isa, kamar dai babu masu su. A birnin Nuremberg na Jamus, Martin Behaim ya jagoranci ƙera taswirar duniya mai siffar ƙwallo, wadda ita ce mafi tsufa da ta rage har yau, kuma babu nahiyar Amurka a jikinta ko kaɗan. A birnin Hirat, cikin Afganistan ta yau, babban mawaƙin Farisanci kuma sufi, Abdurrahman Jami, ya rasu a watan Nuwamba.

Abin da nake so ka faɗa wa ɗalibanka shi ne, wannan iyaka mutanen baya ne suka shata ta, suna kallon al'amura daga Turai. Wasu ma sukan fi son 1453, shekarar da Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Muhammadu na Biyu, ya ci birnin Kustantiniyya, wato Istambul ta yau. Mutumin Alƙahira ko na ƙasar Sin bai ji cewa zamani ya sauya ba a 1492, kuma a Tambutu babban labarin shekarar daban yake, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Tambaya: Yaya aka yi Musulmi suka rasa Andalus bayan sun yi ɗaruruwan shekaru a can? Shin babu wanda ya kai musu ɗauki? (Daga wata ɗalibar Islamiyya a Maraɗi.)

Amsa: 'Yata, ba a rana ɗaya aka rasa Andalus ba. Musulmi sun shiga ƙasar a 711 a ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad, kuma sun mallaki mafi yawanta na tsawon ƙarnuka, amma tun a ƙarni na 13 manyan biranen suka kuɓuce: Kurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248. Abin da ya saura shi ne masarautar Garnaɗa ta gidan Banu Nasar, a cikin duwatsun kudu, wadda ta rayu shekaru sama da ɗari biyu tana biyan sarakunan Kastil gandu a wasu lokuta, a wasu lokutan kuma tana yaƙarsu. Su ne suka gina fadar Alhamra da mutane ke tururuwar zuwa gani har yau.

Yaƙin ƙarshe ya fara a 1482, ya ɗauki shekara goma, kuma abin da ya fi ɓata wa mai karatu rai a cikinsa shi ne halin da gidan sarautar ke ciki. Sarki Abul Hasan Ali yana rigima da ɗansa Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, shi kuma ɗan yana rigima da baffansa da aka sani da Zagal. A 1483 Kiristoci suka kama Abu Abdullahi a fagen daga, suka sake shi bisa sharuɗɗa, domin sun fahimci cewa komawarsa gida za ta fi raunana Garnaɗa fiye da zamansa a hannunsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗaya ɓangaren, Fadinan da Isabela sun zo da manyan bindigogin igwa waɗanda ke rusa ganuwar da a dā sai an yi watanni ana kewaye da ita. Malaga ta faɗi a 1487, aka mai da mafi yawan mutanenta bayi. Baza da Almeriya suka bi a 1489. A 1491 aka yi wa Garnaɗa kanta ƙawanya, har maharan suka gina gari sukutum a gefenta, mai suna Santa Fe, don nuna cewa ba su da niyyar tashi.

Game da ɗauki, mutanen Garnaɗa sun aika da saƙon neman taimako zuwa ga Sarkin Masar Ƙaitabai da kuma Daular Usmaniyya ta Turkawa, amma daga 1485 zuwa 1491 waɗannan dauloli biyu suna yaƙi da junansu, masarautun Magrib kuwa sun yi rauni, kowace tana fama da kanta. Ba a turo rundunar da za ta ceci birnin ba.

A watan Nuwamba na 1491 aka ƙulla yarjejeniyar miƙa wuya, kuma idan aka dubi abin da aka rubuta, sharuɗɗan ba su da tsanani: Musulmi za su ci gaba da riƙe masallatansu da dukiyarsu da alƙalansu, ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba, wanda ya so ƙaura kuma a bar shi ya tafi. Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan birnin, ya zauna na ɗan lokaci a yankin Alfuharas, sannan ya haye zuwa Fas a ƙasar Maroko a 1493. Alƙawarin bai wuce shekara bakwai ba. A 1499 babban limamin Kirista Sisneros ya zo Garnaɗa ya fara yi wa mutane baftisma a dole, ya sa aka ƙona littattafan Larabci a dandalin gari. Da mutane suka yi bore, sai aka ce su ne suka karya yarjejeniya. A 1502 aka ba Musulmin Kastil zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasa. Jikokin waɗanda suka karɓi baftisma, da aka laƙaba wa suna Morisko, su ma ba su tsira ba, domin daga 1609 zuwa 1614 an kori kimanin mutum 300,000 daga cikinsu. A ganina wannan cin amana ya fi faɗuwar birnin muni, domin birni kan faɗi a yaƙi a ko'ina, amma a nan an yi rantsuwa ne aka sa hatimi, sannan aka warware.

Tambaya: Na ji an ce a shekarar ne aka kori Yahudawa daga Sifaniya, kuma Musulmi ne suka karɓe su. Gaskiya ne? (Daga wani mai karatu a Kumasi.)

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. A cikin fadar Alhamra aka sa hannu a dokar, wata uku kacal bayan karɓe birnin, kuma an ba Yahudawa zuwa ƙarshen watan Yuli su karɓi Kiristanci ko su fita, ba tare da sun ɗauki zinariya ko azurfa ba. Hujjar da aka kafa ita ce, wai suna jan waɗanda suka riga suka shiga Kiristanci su koma addininsu na dā, kuma kotun binciken aƙida da aka kafa a 1478, wadda Tomas Torkemada ke shugabanta, ita ce ta matsa a yi hakan. Dubun-dubatar mutane suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka kama hanya. Da yawa sun shiga Fotugal, inda aka tilasta musu baftisma a 1497, wasu suka nufi Italiya da Maroko, wasu kuma Daular Usmaniyya, inda Sarki Bayazid na Biyu ya ba da umarni a karɓe su. Sun zauna a Istambul da Salonika, suka riƙe harshensu na Sifaniyanci ƙarni bayan ƙarni.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba ko'ina a ƙasashen Musulmi suka sami sauƙi ba a wannan zamani. A Tuwat, cikin Saharar Aljeriya ta yau, a daidai wannan tsakanin ne aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit bisa fatawar Shaihu Magili, malamin nan na Tilimsan da za mu yi bayaninsa a ƙasa, alhali wasu malaman zamaninsa ba su yarda da ra'ayinsa ba. A 2015 Sifaniya ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa, amma ba ta yi wa jikokin Morisko irin wannan ba.

Tambaya: Ta yaya za a ce Kolumbus ya gano Amurka alhali ya tarar da mutane a can? Kuma na ji cewa wani sarkin Mali ya riga shi zuwa. (Daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato.)

Amsa: Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Mutane sun yi dubban shekaru a nahiyar kafin zuwansa, suna da birane da dauloli irin na Aztek a Meksiko da Inka a Peru. Ko a cikin Turawa ma ba shi ne na farko ba, domin mutanen arewacin Turai sun isa gaɓar Kanada ta yau a wajen shekara ta 1000, kuma an tono kufan zamansu a tsibirin Newfoundland. Abin da ya bambanta tafiyarsa shi ne, daga ita hanya ba ta sake rufewa ba.

Kolumbus ɗan birnin Jenowa ne na Italiya, kuma ba sabuwar ƙasa ya fita nema ba. Yana neman hanyar zuwa Indiya da Sin da Japan ne ta yamma, don a samo kayan yaji da zinariya ba tare da an bi ta hannun 'yan kasuwar Masar da Benis ba. Labarin da ake yaɗawa cewa mutanen zamaninsa sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce ba shi da tushe, domin masana sun daɗe da sanin cewa mulmulalliya ce. Gardamar a kan girmanta ake yi, kuma a nan masanan Sarkin Fotugal da suka ƙi shirinsa su ne ke da gaskiya. Kolumbus ya ɗauki lissafin masanin taurarin nan Alfargani, amma ya auna shi da mil na Rumawa, wanda bai kai na Larabawa tsawo ba, saboda haka nisan da ya ƙiyasta daga tsibiran Kanari zuwa Japan bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na ainihin nisan ba. Da babu wata nahiya a tsakani, da ƙishirwa ta halaka su a teku.

Yana wurin lokacin da aka miƙa Garnaɗa, kuma a garin Santa Fe ɗin nan aka ƙulla yarjejeniyarsa da sarakunan a watan Afrilu. Ya tashi daga tashar Palos ranar 3 ga Agusta da jirage uku, Santa Mariya da Pinta da Ninya, da mutane kimanin 90. Bayan sun bar Kanari a farkon Satumba, sun yi mako biyar ba su ga ƙasa ba kafin su isa tsibirin da mazaunansa, mutanen Taino, ke kira Guwanahani. Daga nan ya wuce Kuba da tsibirin da a yau ya ƙunshi Haiti da Jamhuriyar Dominika, inda Santa Mariya ta fashe ranar Kirsimeti. Ya bar mutum 39 a can, ya kama wasu 'yan ƙasar ya tafi da su Sifaniya. A rubutunsa na ranakun farko ya yaba da kirkin mutanen Taino, a wuri guda kuma ya lura cewa za su yi daɗin bautarwa. Cikin shekarun da suka biyo baya aikin tilas na haƙar zinariya da yunwa da cututtuka irin su agana suka kusan ƙarar da su.

Batun sarkin Mali kuwa, asalinsa daga marubucin nan Al'umari ne, wanda ya kawo abin da Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira lokacin tafiyarsa aikin Hajji a 1324, cewa sarkin da ya gada ya shiga teku da jirage masu yawa don ganin iyakarta, bai kuma dawo ba. Labarin ya tsaya a kan tafiyar, bai ambaci isa ba, kuma ba a tono wani abu a Amurka da ya tabbatar da isarsu ba.

Tambaya: Duk labaran da ake bayarwa na Turai ne. Mu a nan ƙasashenmu me ke faruwa a 1492? (Daga wani dattijo a Kano.)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin samu. A watan Nuwamba na 1492 Sunni Ali, sarkin Sanwai, wato Songhai, ya mutu yana dawowa daga yaƙi, kuma Abdurrahman Sa'adi ya rubuta a cikin Tarikh al-Sudan cewa ruwa ne ya ci shi. Tun 1464 yake kan mulki, kuma shi ne ya mai da masarautar Gawo babbar daula a bakin kogin Kwara: ya ƙwace Tambutu daga hannun Buzaye, ya ci Jenne bayan doguwar ƙawanya, yana amfani da dawakai da rundunar jiragen ruwa. Amma ya takura wa malaman Tambutu, har da yawansu suka gudu Walata, kuma tun da yake su ne suka rubuta tarihi, sunansa ya fito a littattafansu a matsayin azzalumi, alhali a bakin jama'ar Sanwai ana tuna shi a matsayin jarumi mai asiri. Ɗansa Sunni Baru ya gaje shi, amma bai yi wata shida ba wani babban kwamandan mahaifinsa ya yaƙe shi a Anfawo, kusa da Gawo, a watan Afrilu na 1493. Wannan kwamanda shi ne Askiya Muhammadu, wanda ya jawo malamai a jiki, ya tafi aikin Hajji a 1496, ya kuma shimfiɗa ikonsa har zuwa Agadas. Saboda haka mutuwar da ta auku a 1492 ita ce ta buɗe ƙofar mulkin gidan Askiya na kusan shekara ɗari.

A Kano kuwa Sarki Muhammadu Rumfa ne ke kan gado, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma kai da kake zaune a birnin kana ganin aikinsa kullum: Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa; shi ne kuma ya kafa majalisar nan ta Tara ta Kano. A wajen wannan shekara ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, ya iso ƙasar Hausa bayan ya baro Tuwat ya bi ta Azbin. Ya zauna a Kano, ya je Katsina, ya kuma rubuta wa Rumfa littafin da aka sani da Tajuddini, a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna: yadda za a tsara fada, a zaɓi ma'aikata, a saurari ƙarar talaka, a guji karɓar toshiya, a kuma san inda dukiyar baitulmali ke fitowa da inda take tafiya. Sharifan Kano suna danganta asalinsu da zuwansa. Daga baya ya wuce Gawo, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu, ciki har da hukuncin Sunni Ali da dukiyar da ya bari. Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa kafa hujja da waɗannan amsoshi a cikin rubuce-rubucensa, don haka tasirin abin da aka rubuta a wancan lokaci ya kai har kafuwar Daular Sakkwato.

Wannan duka yana nuna cewa ba a gefe muke ba. Zinariyar da ta sa Turawa shiga teku, babban rabonta daga Afirka ta Yamma take fitowa ta ratsa Sahara, kuma don su zagaye ayarin raƙuma ne mutanen Fotugal suka gina sansanin Elmina a gaɓar Ghana ta yau a 1482.

Tambaya: Shin akwai wani abu daga abubuwan wannan shekara da ya iso mana kai tsaye? (Daga wata ma'aikaciyar jinya a Damagaram.)

Amsa: Malama, akwai, har a cikin tukunyarki. Masara da rogo da gyaɗar da aka yi dalarta a Kano da tumatir da barkono da dankali, duka daga nahiyar Amurka suka fito, kuma babu ɗayansu a gonakinmu kafin 1492. Gero da dawa da wake da kuɓewa ne namu na asali. Abin baƙin cikin da ya biyo ta wannan hanya kuma shi ne cinikin bayi na teku, domin da mutanen tsibiran suka ƙare, sai aka juyo Afirka neman masu noman rake, kuma a tsawon ƙarnuka an loda mutane sama da miliyan 12 a jirage. A cikinsu har da Hausawa, waɗanda aka san su da tayar da bore a yankin Bahiya na Burazil a farkon ƙarni na 19.

Faɗuwar Garnaɗa ma ta taɓo mu ta hanyoyi biyu. Hasan Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, haifaffen Garnaɗa ne da iyayensa suka yi hijira zuwa Fas, kuma ta littafinsa ne mutanen Turai suka fara karanta sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Hanya ta biyu ta fi ɗaci. A ƙarshen 1590 Sarkin Maroko Ahmadul Mansur ya turo runduna ta kimanin mutum 4,000 ta ratsa Sahara don ƙwace zinariyar Sanwai, kuma shugabanta, Judar Basha, haifaffen Sifaniya ne, sannan da yawa daga cikin 'yan bindigarta mutanen Andalus ne da suka yi hijira zuwa Maroko. A watan Maris na 1591 suka karya rundunar Askiya Is'haƙa na Biyu a Tondibi, arewa da Gawo, duk da cewa mayaƙan Sanwai sun ninka su yawa, domin masu kibiya da mashi ba su iya tsayawa gaban bindiga ba. Ragowar gidan Askiya suka ja da baya zuwa Dandi, a kudu maso yammacin Nijar ta yau, suka ci gaba da turjiya daga can. A 1594 aka kwashi manyan malaman Tambutu zuwa Marrakesh a ɗaure, ciki har da Ahmad Baba, kuma malaman tarihi da dama suna ganin rushewar Sanwai na cikin dalilan da suka sa ayarin fatake ya ƙara karkata gabas, zuwa Katsina da Kano da Borno, a ƙarni na 17.